Kalmar “rope” a Turancin yau da kullum: ina take shiga, ina kuma ba ta shiga?

Ɗalibar Turanci: Assalamu alaikum, malamaina na wannan zaure. Ina da tambaya a kan kalmar *rope*. Ƙamus ya ce igiya ce, shi ke nan. To amma ana cewa *show him the ropes* a maganar ofis, inda ko zare babu, jaridu kuma su rubuta cewa gwamnati kaza tana *on the ropes*. Sannan ga jimlar nan da kowa ke faɗa, *spread the clothes on the rope*, an ce ba daidai ba ce. Don Allah ina iyakar kalmar take, kuma me ya sa wani wuri take ɗaukar *s*, wani wuri ba ta ɗauka?

Malamin Nahawu: Wa alaikumus salam, 'yata. Tushen ruɗanin shi ne igiyarmu ta fi *rope* ɗinsu faɗi nesa ba kusa ba. Mu kusan duk abu mai tsawo da ake ɗauri da shi igiya ne. Su kuwa sun jera abin hawa-hawa bisa kauri. *Thread* zaren ɗinki ne. *String* kirtani ne na ɗaure ƙunshi. *Twine* kirtani ne mai ƙwari da aka murɗa sili biyu ko uku, irin na ɗinke bakin buhu. *Cord* ya fi waɗannan kauri, kamar na jan labule. Sai *rope*, wadda ta kai kaurin ɗan yatsa ko fiye, wadda za ta ɗauki guga cike da ruwa, ko ta riƙe sa, ko nauyin mutum. Sama da ita akwai *hawser*, ta ɗaure jirgin ruwa a tasha ko jansa. In kika ce wa Bature kin ɗaure ƙunshin wasiƙu da *rope*, abin da zai zo masa a rai igiyar ɗaure kaya a kan mota ce.

Batun *s* kuma, kalmar tana da fuska biyu. In ana maganar hajar kanta, yadda ake maganar yadi a kasuwa, ba a ƙirga ta: *some rope*, *ten metres of rope*, *a coil of rope* wato naɗi guda, *a length of rope* wato yanki. In ana nufin guda da aka yanka aka ba ta aiki, ana ƙirgawa: *throw me a rope*, *two ropes*. Kuskuren da ya fi yawa shi ne *ten metres of ropes*. A kanti ma tambayar ita ce *do you sell rope*, ba tare da *a* ba.

Tafinta: Allah ya ƙara basira, Malam. Bari in ɗora da igiyoyinmu da ba sa zama *rope* in an juya su, domin a nan fassara ta fi karyewa. Igiyar takalmi *shoelace* ce ko *lace*. Mazagin wando *drawstring*. Tsirkiyar garaya ko ta gurmi *string*, ta baka kuma *bowstring*. Igiyar kare *lead* a Ingila, *leash* a Amurka. Ragama *halter*, dabaibayi *hobble*, igiyar talala *tether*. Igiyar cibiya *umbilical cord*. Ta fatsa *fishing line*. Igiyar ruwa kuwa *current* ce in jan ruwan ake nufi, *wave* in tashinsa ake nufi. Waɗanda suka tsira da sunan su ne irin igiyar guga, ta ɗaure lodi, ta jan mota da ta mutu wato *tow rope*, da ta kafa tanti wato *guy rope*.

Jimlar shanyar nan kuskure biyu gare ta. Igiyar shanya *washing line* ce a Ingila, *clothesline* a Amurka, a taƙaice *the line*. Sannan *spread* shimfiɗawa ce a ƙasa ko a kan ciyawa. Abin da ake cewa shi ne *hang the washing on the line* ko *hang the clothes out*.

Anti Malama: Yallaɓai Tafinta, ban yarda a kira shi kuskure kai tsaye ba. Daga Legas zuwa Maiduguri kowa ya ji *spread it on the rope* ya san abin da ake nufi, Turancin Najeriya ne kuma yana da mutuncinsa. Abin da ya kamata a gaya wa yara shi ne a ina za su faɗe shi. A tsakar gida ba laifi. A takardar WAEC ko IELTS (jarrabawar gwada iya Turanci), ko a wasiƙa zuwa ga wanda bai san ƙasarmu ba, a rubuta *line*. In aka ce wa yaro duk abin da ya tashi yana ji shirme ne, bakinsa mutuwa yake yi a aji.

Tafinta: Na karɓa, Malama. Wurin ne ke yanke hukunci. Sai dai a sani ko da igiyar shanyar mai kauri ce sosai, da zarar an ɗaura ta don shanya, Bature *line* zai kira ta. Aikin ne ke ba ta suna.

Injiniyan Tashar Ruwa: Wannan maganar ta ƙarshe ita ce dokar ma'aikatan jirgi kacokan. A wurinsu *rope* haja ce da ke naɗe a ma'aji. Da an ba ta aiki ta zama *line* ko ta samu sunan kanta: *mooring line* ta ɗaure jirgi a gaɓa, *halyard* ta ɗaga tuta ko filafilan jirgi, *sheet* ta sarrafa kusurwar filafilan, *painter* ta ɗaure ƙaramin kwalekwale. Kaɗan ne suka riƙe sunan, kamar *bell rope* ta kaɗa ƙararrawa.

Ga sassanta, don mai karanta takardar kaya. Ana murɗa *fibres* su zama *yarn*, a murɗa *yarns* ta kishiyar hanya su zama *strand*, sannan a tufke *strands* uku ta hanyar farko su zama *rope*. Wannan saɓanin murɗi shi ke hana ta warwarewa, kamar dai yadda masu tufkar rama da kaba suka sani. Galibin mai sili uku tufkar dama ce, don haka ana naɗe ta yadda hannun agogo ke tafiya. In aka naɗe ta baibai sai ta yi *kinks*, wato ta ƙudundune, kuma duk inda ta ƙudundune ta yi rauni. Wadda aka saƙa maimakon tufka ita ce *braided rope*. Ta ƙarfe ta injin ɗaga kaya *wire rope* ce.

Kalmomin aikinta: *coil* naɗewa, *pay out* saki a hankali, *haul in* jawowa, *taut* a ɗame, *slack* sako-sako, *fray* zarewar baki ko jiki, *chafe* cinyewa saboda gugar wani abu, *splice* haɗa biyu ta hanyar saƙa silinsu cikin juna ba tare da ƙulli ba. Sai babba: in igiya ta tsinke da kanta, *the rope snapped* ko *the rope broke* ake cewa, ma'aikatan jirgi su ce *parted*. *The rope cut* da muke yawan ji ba ta zauna ba, domin *cut* tana buƙatar wanda ya sa wuƙa. A rahoton haɗari wannan ba ƙaramin bambanci ba ne: *the rope was cut* na nufin wani ya yanke ta da gangan.

Ɗalibar Turanci: Injiniya, a jikin naɗin ana rubuta lambobi biyu na nauyi. Wanne ne na gaskiya?

Injiniyan Tashar Ruwa: Duka biyun, ƙanwata, amma aikinsu daban. *Breaking strength* shi ne nauyin da sabuwar igiya ke tsinkewa a wurin gwaji. *Working load limit*, ko *safe working load* a tsofaffin takardu, shi ne wanda aka yarda a ɗora mata. A aikin yau da kullum ana raba na farko gida 5, wato mai tsinkewa a kilo 1,000 kada a ɗora mata fiye da kilo 200. In mutum za ta ɗauka ana ƙara tazarar sosai. Ƙulli kuma yana iya cinye kusan rabin ƙarfinta, shi ya sa ake fifita *splice*. A lura da sunan kayan ma. Shuɗiyar igiyar roba da ake kira *nylon rope* a kasuwa galibi *polypropylene* ce: tana yawo a saman ruwa, tana da arha, amma rana na cinye ta har ta riƙa yin gari a hannu. *Nylon* na gaske yana nutsewa, yana kuma miƙewa, don haka in ya tsinke a ɗame yana dawowa da ƙarfin da zai karya ƙafa. Wannan shi ne *snap-back*. *Manila* daga wani nau'in ayaba na ƙasar Filifin ake samunta, *sisal* da *jute* da *hemp* su ma tsirrai ne, *coir* kuma daga ɓawon kwakwa.

Baba Edita: To mu zo ga karin maganar, tunda ita ta fi damun 'yar tamu. *Know the ropes*, *learn the ropes*, *show someone the ropes*. Ukun nan daskararru ne: kullum da *the*, kullum da *s*. *Learn the rope* ko *learn my ropes* ba Turanci ba ne. Daga jiragen ruwa masu tafiya da iska maganar ta fito, inda kowace igiya ke da suna da wurin ɗaurinta, kuma dole sabon yaro ya iya kai hannu gare ta cikin duhu da hadari. Ba'amurken nan Richard Henry Dana ya yi amfani da ita a labarin tafiyarsa ta jirgi da ya fito a 1840, a kan wani kyaftin da ya san gaɓar da suka je.

Ma'anarta sanin makamar aiki, ko nuna wa baƙo kan aiki. Amma ga wani abu da ake yawan tsallakewa: ba zurfin ilimi take nufi ba, sanin yadda ake tafiyar da wuri take nufi. Likitan da ya shekara 20 yana aiki, in aka mayar da shi sabon asibiti, zai *learn the ropes*: wa ke sa hannu a takardar magani, ina ake ajiye fayil, ƙarfe nawa ake zagayen ɗaki. Ba za a ce ɗalibi ya je jami'a ya *learn the ropes of medicine* ana nufin ya karanci likitanci ba.

Mai Sharhin Wasanni: Baba, a bar mini *on the ropes*, wannan ta filin dambe ce. Dandalin damben zamani zagaye yake da igiyoyi, guda 4 a manyan wasanni na yanzu. Wanda aka kora har bayansa ya jingina da su ba shi da wurin ja da baya, sai shan naushi. Saboda haka in jarida ta ce kamfani ko jam'iyya tana *on the ropes*, ana gab da kai ta ƙasa ne, amma ba a kai ta ba tukuna. Mai fassara labari kada ya ce ta faɗi. Ya ce tana tangal-tangal, ko an tsare ta a lungu. Ana kuma cewa *have someone on the ropes* ga wanda ke da rinjayen.

Daga nan *rope-a-dope* ta fito. Ranar 30 ga Oktoba 1974 a Kinshasa, lokacin ƙasar tana Zayar, Muhammad Ali ya jingina da igiya da gangan ya kare fuskarsa, ya bar George Foreman yana ta kai duka har ƙarfinsa ya ƙare, sannan ya kayar da shi a turmi na 8. Yau 'yan jaridar Amurka na amfani da kalmar ga ɗan siyasar da ya yi lamɓo ya bar abokin hamayya ya gajiyar da kansa. A wasan kurket kuma *the rope* iyakar fili ce: ƙwallon da ta tsallake ta a sama maki 6 ce, wadda ta gangara ta taɓa ta maki 4. Wasan jan igiya kuwa ko sunanta babu a cikinsa, *tug of war* ake ce masa, kuma yana cikin wasannin Olamfik daga 1900 zuwa 1920.

Tafinta: Wadda ta fi dacewa da tamu ita ce *give him enough rope*. Talala ce kawai. A yi masa talala.

Baba Edita: A nan na saɓa da kai, Malam Tafinta. Cikakkiyar maganar ita ce *give him enough rope and he'll hang himself*. Ko an yanke rabin ƙarshen, mai ji ya san yana nan. Niyyar mai sakin igiyar ita ce mutumin ya halaka kansa da hannunsa: a bar mai ƙarya ya yi ta zuba har ya saɓa wa kansa, a bar maciyin amana ya yi ta ci har hujja ta taru. Talala kuwa ba dole da mugun nufi ba. Uba na yi wa ɗa talala, ya sake shi amma idonsa na kansa, kuma ɗaurin talala da muke ji a labarai tsarewa ce mai sassauci. Wannan ya fi kusa da *keep him on a long leash*. In kuma ana nufin a sakar wa mutum mara ya yi abin da ya ga dama, *give him free rein* ke nan, daga linzamin doki. In ana nufin a yi masa uzuri a daina matsa masa, *cut him some slack*. Ma'aikacin da ya rubuta wa maigidansa *please give me enough rope* yana neman a ba shi dama, ya roƙi a bar shi ya rataye kansa ne bai sani ba.

Tafinta: Gaskiyarka, Baba, amma ban janye gaba ɗaya ba. Akwai talalar da ake yi wa ɓarawo don a kama shi dumu-dumu, kuma wannan ita ce *enough rope*. Sai dai mai fassara ya ƙara kalma: a yi masa talala har ya kai kansa.

Baba Edita: Da wannan ƙarin na yarda.

Anti Malama: *At the end of my rope* ta Amurkawa ce, mutanen Ingila *at the end of my tether* suke cewa. Hoton na dabba ce a turke da ta cinye ciyawar da igiyarta ta kai, ba sauran inda za ta miƙa wuya. Ana yawan fassara ta da tura ta kai bango, amma da ɗan bambanci. Tura ta kai bango na ɗauke da ramuwa, mutum zai juyo ya kare kansa. Ta Turancin gajiya ce da ƙarewar dabara, irin ta uwar da jaririnta ya kwana uku yana kuka. Haƙurina ya ƙare, ko na rasa yadda zan yi, sun fi kamawa. Ita kuma tilo ce, ba *s*, kuma da *my*, *his*, *her* take tafiya. Kada a haɗa ta da *at a loose end*, wadda ke nufin zaman rashin abin yi.

Mai Sharhin Wasanni: A ƙara da *money for old rope*, kuɗi a ɓagas, aikin da ba a yi gumi ba aka samu lada mai tsoka. Ta Birtaniya ce, Ba'amurke da yawa ba zai gane ta ba. Ana danganta ta da cinikin tsofaffin igiyoyin jirgi, waɗanda ake tsefewa su zama *oakum*, a haɗa da kwalta a toshe tsakanin katakan jirgi. A ƙarni na 19 fursunoni da mazauna gidajen gajiyayyu na Ingila ake sa wa wannan tsifar.

Lauya: Ina so in ja hankali a kan *rope* a matsayin aikatau, domin akwai inda take iya jefa mutum cikin matsala. *Rope off* killace wuri ne da igiya, kamar yadda 'yan sanda ke yi. *Rope together* da *rope up* na masu hawan dutse ne. *Rope a calf* na makiyayan Amurka ne masu jefa zarge. Duk waɗannan ba rigima. Rigimar tana ga *rope in* da *rope into*.

A Ingila da Amurka, *I was roped into helping* na nufin an lallashe ni ko an matsa mini har na shiga, ba da son raina ba, amma na shiga. Galibi a kan ƙananan abubuwa ne, kamar wanke-wanken biki ko jera kujeru. A lura *into* na jan aikatau mai *ing*: *roped into helping*, ba *roped to help* ba. Da *in* kuwa ana cewa *roped in to help*. A jaridunmu na Najeriya kuma *he was roped into the case* na nufin an ƙulla masa sharri, an sa sunansa alhali ba shi da hannu. To a duba abin da zai faru in mai neman biza ko mafaka ya rubuta *I was roped into the robbery*. Shi yana nufin an yi masa ƙage. Jami'in da ke karantawa a Landan zai fahimci cewa an ja ra'ayinsa ya shiga fashin. Ya amsa laifi da bakinsa ke nan. Abin da zai rubuta shi ne *I was framed*, ko *I was falsely implicated*, ko a maganar baka *I was set up*.

Anti Malama: Barista, wannan ya fi duk abin da aka faɗa muhimmanci. A nan kam ba batun mutunta Turancin gida ba ne, dole a koya wa mutane.

Lauya: Haka ne, Malama. Ga ta biyu: igiyar aure. Babu *rope of marriage* a Turanci. In za a juya saura igiya biyu a takardar kotu, bayani ake yi: an yi saki ɗaya na kome, saura biyu, wato *one revocable divorce has been pronounced and two remain*. *Tie the knot* ma'anarta yin aure kawai, maganar raha ce ta jaridu da katin taya murna, ba ta da alaƙa da ƙirgen saki, kuma ba ta shiga takardar shari'a.

Malamin Islamiyya: Allah ya saka wa kowa. Larabci ma irin Hausa ne a nan, *hablu* tana da faɗi, kuma masu fassara Alƙur'ani zuwa Turanci sun raba ta bisa wuri. A Ali Imrana aya ta 103, inda aka yi umarni da riƙo da igiyar Allah, Abdullahi Yusuf Ali ya sa *rope*, Marmaduke Pickthall kuma a fassararsa ta 1930 ya sa *cable*, wadda a zamaninsa ke nufin igiya mafi kauri ta riƙe jirgi. Mai karatu na yau in ya ji *cable* wayar lantarki ke zo masa, shi ya sa *rope* ta fi yawa a sababbin fassarori. A Suratul Masad *rope* ce ta kaba. A Suratu Ƙaf aya ta 16 kuwa, *hablul warid* jijiyar wuya ce, sai aka ce *jugular vein*. Mai wa'azi da Turanci ya kiyaye wannan.

Malamin Nahawu: Madalla. Akwai kuma sifa, *ropey* ko *ropy*, ta bakin mutanen Birtaniya. Ga kaya tana nufin mara inganci: *a ropey old car*. Ga mutum tana nufin jiki ba daɗi, ba ciwo mai tsanani ba: *I feel a bit ropey*. Ba ta shiga rubutun hukuma. Tsohuwar ma'anarta ita ce abu mai yauƙi da ke jan zare.

Mai Gidan Burodi: Malam, wannan tsohuwar ma'anar tana raye a sana'armu. In mai sayar da fulawa ko littafin koyon gashi ya ce *rope*, ko *ropy bread*, cutar burodi yake nufi. Alamarta: kwana ɗaya ko biyu bayan gashi burodin ya fara wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi kamar na 'ya'yan itacen da suka nuna suka wuce, cikinsa ya yi danƙo ya sauya launi, in aka raba shi biyu a ga zare-zare na miƙewa. Ƙwayar cuta ce mai suna *Bacillus subtilis* da danginta, tana zuwa da fulawa ko ta maƙale a kwano da injin kwaɓi. Wuta ba ta kashe ƙwayayenta, domin tsakiyar burodi ba ta wuce digiri 100 a tanda. Zafi da laima ke tayar da ita, don haka ta fi yawa da damina da kuma inda ake sa burodi a leda da ɗuminsa. Magani: a bar shi ya huce sarai kafin a ɗaure, a wanke kayan aiki da ruwan binega, kada a mayar da tsohon burodi cikin sabon kwaɓi, a kuma sa *calcium propionate*, sinadarin hana burodi lalacewa, kamar giram 2 zuwa 3 a kowane kilo na fulawa. Wanda ya riga ya kamu zubarwa ake yi.

Baba Edita: Akwai fuska mai nauyi da ya kamata 'yan jarida su sani. *The rope* ita kaɗai, da *the*, a tsohon rubutun Birtaniya hukuncin rataya take nufi: *he got the rope*. An yi rataya ta ƙarshe a can a watan Agusta 1964, aka dakatar da hukuncin kisa kan laifin kisan kai a 1965, aka tabbatar da sokewar a 1969, amma maganar ta zauna a bakin masu cewa *bring back the rope*. Zargen da ake sa wa a wuya *noose* ne. Mutum *hanged* ake cewa an yi masa, riga da hoto kuma *hung*. A Amurka hoton *noose* na tuna kisan gillar da aka riƙa yi wa baƙar fata ba tare da shari'a ba, don haka ba abin wasa ba ne ko a zane. Saboda wannan nauyin, *enough rope* ma ba a faɗarta a gaban wanda aka yi wa rashi ta hanyar rataya.

Anti Malama: Furuci da rubutu kuma. Mu Hausawa *p* da *f* na haɗe mana, sai *rope* ta fito kamar *roof* ko *rough*. Gyaran shi ne leɓɓa biyu su rufe ruf a ƙarshen kalmar, kada iska ta zurara ta tsakaninsu. Wasalin kuma ba *o* ɗaya ba ne, yana farawa ya zame zuwa *u*, kamar a *go* da *home*. Tsakanin *rope* da *robe*, wato doguwar riga, wasalin *robe* ya fi tsawo, na *rope* a datse yake. A rubutu *roped* da *roping*, *p* ɗaya, kamar *hoped* da *hoping*. Mai rubutu a waya ya riƙa duba wasalin tsakiya kafin ya aika, domin sauya shi da *a* na ba da kalmar fyaɗe.

Malamin Nahawu: Sauran haɗe-haɗen ba su da wuya. Igiyar tsallake ta yara *skipping rope* ce a Ingila, *jump rope* a Amurka. *Rope ladder* tsani ne na igiya, *rope burn* saɓulewar tafin hannu in igiya ta zurare da gudu, *a rope of pearls* dogon jerin lu'ulu'u na wuya. *Walk a tightrope* takatsantsan ne tsakanin ɓangarori biyu, inda karkata kaɗan faɗuwa ce. Ita ma tilo ce da *a*. Likkafar sirdi ma, *stirrup*, asalinta a tsohon Turanci igiyar hawa ce, *stig* da *rap* aka haɗa.

Ɗalibar Turanci: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ga gwaji, a duba mini. Ɗaya: *She is new, so I am showing her the rope.* Biyu: *The rope cut and the bucket fell into the well.* Uku: *They roped me to wash the plates.* Huɗu: *The team was on the ropes, but it won.*

Malamin Nahawu: Ta huɗu daidai take, 'yata, kuma kin kama ma'anar, tunda wanda ke *on the ropes* yana iya farfaɗowa. Ta ɗaya ki sa *s*, in ba haka ba igiya ta gaske kike nuna mata. Ta biyu *snapped* ko *broke*. Ta uku, yadda kika rubuta ta, ɗaure ki aka yi da igiya don ki wanke kwanuka. Ki ce *they roped me into washing the dishes*, ko *they roped me in to do the washing-up* in Turancin Ingila kike bi. *Plates* ba laifi ba ne, amma faranti kawai take nufi, *dishes* ce ta haɗa da tukwane da cokula.